Ledar Dambun Hajiya Ta Ƙarshe

Jiya 'yata Balkisu tana kwashe firiza sai ta tsaya cak, riƙe da wata leda. Dambun kifi ne, na mahaifiyarta Hajiya, Allah ya jiƙanta.

Danshin Douala ba ya raga wa abinci, shi ya sa bara Balkisu ta sayo mata injin nan mai zuƙe iskar leda ya liƙe bakinta. Na yi ta tsokanar Hajiya, wai mun yi Baturiya a unguwar New Bell. Ta ce in ci in yi shiru.

Wannan ce leda ta ƙarshe da hannunta ya liƙe.

"Baba, mu buɗe mu ci."

"In ƙamshin ya fita, a ina za mu samo wani?"

"Amma Baba, in ya lalace a ciki fa? Wahalar Mama ta tashi a banza ke nan."

Yau da rana muka ci da shinkafa. Barkono ya yi yawa, kamar yadda Hajiya ta saba, kowa sai ya ɗora masa laifin hawayensa.

Jama'a, da ku ne, za ku iya buɗewa?