Saniyar da Na Zaɓa a Bajiniya

Matso nan ki ji, 'yar'uwa, amma ki rage murya.

Da aka haifi jikata a garin Upper Marlboro, a ƙasar Turawa, na buga ƙirji na ce ranar suna ba mai cin tuwo da man kanti, da hannuna zan kaɗa man shanu. A gaban uwar matar ɗana na faɗa. Bafulatana ce, murmushi kawai ta yi.

Madarar kanti ta ƙi ba ni mai. Kwana biyu ina girgiza jarka har kafaɗata ta riƙe. Ɗana ya ce, "Mama, akwai wata gona a Bajiniya, ana sayen kaso a jikin saniya, duk mako a ba ki madararta."

Muka je. Shanu biyu Baturen da ke da gonar ya nuna mana: wata mai haihuwar fari, sai rawar kai, da wata tsohuwa tana tuƙa a natse kamar ni bayan la'asar. Na nuna tsohuwar. Baturen ya yi magana, ɗana ya fassara: wai madarar ƙaramar ta fi maiƙo, ita saniya tana tsufa maiƙon yana raguwa.

Na ce, "Ka ce masa na gode. Ba zan tsallake sa'ata in je wurin yarinya ba."

Ana gobe suna na kaɗa, na kaɗa. Man da ya fito bai fi ƙwan zabo biyu ba. Ina tsaye ina kallonsa uwar matar ɗana ta shigo kicin.

"Hajiya, na shafawa ne?"

Ta sake tambaya:

"Saniyar, haihuwarta nawa?"

"Bakwai, in ji Baturen."

"To ke da kika haifi bakwai, maiƙo nawa ya rage miki?"

Muka yi dariya har da hawaye. Ta karɓa, ta soya shi da albasa, ƙanshi ya cika gida har waje, sannan ta tura ƙofa ta narka man kanti a kai. Washegari baƙi suka yi ta sa wa hannuna albarka. Tana gefe tana gyaɗa kai, ba ta tona ni ba.

Yanzu ɗana ya ce a koma wa ƙaramar. Tsohuwar kuwa ta san muryata, da na iso take ɗago kai. Ke da ke ce, za ki iya barin ta?