Takun Baffa a Gonar Alkama

A shekarar da wayar hannu ta shigo ƙauyenmu, kusa da Kura, na gaji gonar mahaifina. Saura kwana biyu a sako ruwan noman rani daga dam, ban gama fangalin alkama ba, wato komayen da ake ban-ruwa a ciki, in kuwa ruwan ya wuce ni, shuka ta makara. Baffana ya kira mini gayya, har da mai ganga.

Ni a kan karatun allo na tashi, ban taɓa taka rawa ba. Aka fara kiɗan noma, mutane suna taku suna sara, ni ina nawa a sandare. Kafin hantsi bayana ya ƙage.

Baffa ya matso yana dariya. "Malam, faɗa kake da ƙasa? Saki gwiwa! Ganga ta sauka, garma ta sauka, sannan ka ja ƙafa."

Na ce, "Baffa, ai wannan rawa ce."

Ya ce, "To da me kakanka ya ciyar da mu?"

Na bi takunsa a kunyace, sai na ji ƙuguna ya saki. Kafin la'asar mun gama, ruwa ya tarar da gona a shirye. Allah ya jiƙan Baffa, ya kai haske kabarinsa.