Foldar da na ɓoye mata

Kwamfutar tawa ce, wannan shi ya fi ci mini rai.

Mu biyu malam ya karɓa a shagonsa na Gaya don koyon haɗa shafin intanet: ni da 'yar kawuna, wadda ke hawo acaɓa daga ƙauyen Gafasa duk Asabar. Wata ƙungiyar manoman gyaɗa na neman mutum ɗaya da zai riƙe musu shafi, malam kuma ya ce wadda ta fi iya baƙin allo ita zai tura. Baƙin allo shi ne inda babu hoton da za a danna, sai dai a rubuta umarni: mkdir ya ƙirƙiri folda, mv ya ɗauke fayil daga nan zuwa can.

Ita ko wayar kirki ba ta da ita. A tsohon littafin makaranta take zana foldodi kamar ɗakunan gida, ta rubuta umarnin da biro, ran Asabar ta ari kwamfutata ta buga babu kuskure. Ni mai ita kuwa sai na leƙa takarda. Malam ya ce mata madalla, ni ya ce in sake gwadawa. Ƙyashi nake ji, ba zan ɓoye ba, har ƙarar acaɓarta na tsana.

Ranar gwaji ta fita alwalar azahar. Na ɗauke foldar aikinta, na cusa ta can cikin wata foldar, na sa ɗigo a gaban sunanta don ta ɓuya. Abin haushi, shi ne umarni na farko da na taɓa bugawa daidai tashi ɗaya.

Ta dawo ta buga ls don ganin fayilolinta, wayam. Malam yana amsa waya a bakin ƙofa. Sai ta rubuta history, wanda ke jero duk abin da aka buga. Na manta an taɓa koya mana shi. Ga layina a ƙasa, ɓaro-ɓaro.

Ta maido foldarta, ta goge layin kafin malam ya shigo.

"Yaya," ta ce a hankali, "ashe kin iya."

Ita aka ba shafin. Har yau da kwamfutata take aikinsa duk Asabar, kuma ba ta taɓa ɗauke foldar daga inda hannuna ke kaiwa ba.