Koren Fentin Baba

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa muna zaune a Kafanchan, kusa da layin dogo. Babana, Yohanna, ya dawo daga soja lafiyar jikinsa ƙalau, amma maganarsa ta ragu. Abin da ya sa a gaba shi ne wani siririn kwalekwale na katako, mai cin mutum ɗaya, irin wanda ya gani a kudu. A bayan gida ya harhaɗa shi, ya toshe tsagoginsa da kwalta, ya shafa masa koren fenti. Da ya bushe sai ya kankare, ya sake shafawa. Damina ta zo ta wuce, kwalekwalen na kife bisa duwatsu, bai taɓa ruwa ba. Har tuwonmu warin fenti yake yi.

Mahaifiyarsa, Kaka Ladi, ta taso daga Madakiya ta zauna da mu. In an sauke tukunyar yamma takan tara mu a bakin murhu tana gasa masara. Da Hausa take ba da labari, ba da yarenmu ba, saboda ƙawata Ngozi, 'yar maƙwabcinmu ma'aikacin jirgin ƙasa, waɗanda suka dawo daga gabas bayan yaƙi. Hausar Kaka ba ta raba mace da namiji.

Wata yamma Baba na bayan katanga muna jin tafiyar buroshinsa, sai Kaka ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Ku matso," in ji ta, "labari ya iso, yana neman kunne."

Wai akwai wani manomi da ruwa ya ci ƙaninsa a gaban idonsa. Ya sassaƙa kwalekwale don kada kogi ya ƙara cin nasa. Kullum sai ya shafa masa jar ƙasa da man kaɗanya, ya ce bai bushe ba tukuna. Bai sani ba gara ta shiga ta ciki. Ran nan kogi ya cika, 'ya'yansa na gona a ƙetare, ruwa na hawa. Ya ja kwalekwalen da gudu, sai ya rugurguje a hannunsa kamar busasshen kara.

Kaka ta koma juya masara.

Ngozi ta ce, "Kaka, yaran fa?"

"Ban sani ba, yarinya. Tatsuniyan bai kai wurin ba. Mahaifiyana ma nan ya tsaya."

Buroshin ya daina motsi a bayan katanga.

Ran Asabar Baba ya ce zai kai kwalekwalen kogi. Mahaifin Ngozi, wanda tsakaninsa da Baba ba ya wuce gaisuwa, ya fito ba a kira shi ba ya kama ɗaya gefen. Muka bi su a baya. Kwalekwalen ya zauna a ruwa tsaf, ko ɗigo bai shiga ba. Baba ya shiga, ya tuƙa kaɗan, sai filafilin tuƙin ya suɓuce masa, ya kasa komawa baki. Mahaifin Ngozi ya shiga ruwa zuwa ƙirji ya jawo shi. Na ji yana cewa a hankali, "Yohanna, ya isa. Ni ma ba na barci."

Daga ranar Baba bai ƙara taɓa fenti ba. Ya bar wa wani masunci kwalekwalen. Yammacin da ya saba yi a bayan gida ya koma yin sa a gidan burukutu, kuma hanyar ce ta tafi da shi kafin in gama makarantar horon malamai. Sai a wurin jana'izarsa wani tsohon soja ya gaya mana cewa jirgin ruwansu ya kife da su a lokacin yaƙi, kuma Baba na cikin 'yan kaɗan da suka fito.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin Kaka shi ne kada mutum ya yi ta ado ga abin da ya kamata ya yi aiki da shi. Na koya wa ɗalibaina haka. Yanzu da na haifi nawa, na gane uwa ce ta ga ɗanta na nutsewa a tudu, ta miƙa masa abin da ke hannunta, wato tatsuniya. Amma buroshin nan shi ne igiyar da yake riƙe da ita. Har Kaka ta rasu ba ta sake ba mu labarin manomin ba, ko da mun roƙe ta.