Garwashin da Muka Binne a Hawa na Goma Sha Ɗaya

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a gabana aka yi ta.

Shekarar da maigidana ya rasu, ɗana ya ɗauko ni zuwa Kuala Lumpur, inda yake koyarwa a jami'a. Ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Gidansu a unguwar Sri Petaling yake, hawa na goma sha ɗaya. Babu murhu, sai wani baƙin faranti da ake dannawa ya yi zafi.

Jikata, babbar 'yarsa, tana karatun ƙera wasannin kwamfuta. Aikinta na ƙarshe, wanda in ba ta miƙa shi ba babu takardar gamawa, shi ne ta ƙirƙiro al'ummar da ba a taɓa yi ba, da garinsu da addininsu. Ta aro kamanninsu daga mutanen dā na ƙasar Meziko: manoman masara a bakin tafki, masu bautar wuta. Suna da wuta guda da ba ta mutuwa. Ranar girbi kowa ya kashe ta gidansa, ya je ya ɗibo sabuwa daga waccan.

Wata safiya ta nuna mini zanen. Wuta ce tana ci bal-bal, ta fi rumbu tsayi, mutane sun kifa goshi a gabanta.

Na ce, "Shekara guda tana ci haka? A wane daji za su samo itacen?"

Ta ce, "Wasa ne lah, Hajiya." Wannan "lah" ɗin a bakin mutanen can ta ɗauko, da shi suke ƙare magana.

"Ko a wasa, wanda ya taɓa hura wuta dariya zai yi miki."

To, a nan bakina ya suɓuce. Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa ubanta ba. Kakata ta wajen uba Bamagujiya ce. Wutar murhunta ba ta taɓa mutuwa ba, kuma ba a ganinta. Garwashi take binnewa a toka da busasshen kashin shanu, gari na wayewa ta tona, ta durƙusa ta hura. In an yanke gero, zangarniyar farko wuta take ba, kafin kowa ya ɗanɗana. Da mahaifina ya musulunta ya hana maganar, mu ma muka rufe baki.

Yarinya ta ce sai ta gani da idonta. Ta sauka kedai, wato kantin ƙasan bene, ta sayo gawayin ɓawon kwakwa da masara. Muka hura shi a tsohuwar tukunya a baranda, na rufe da toka. Bayan la'asar na tona, na hura sau uku, ja ya fito. Ta yi ta ihu tana ɗaukar hoto.

A haka ubanta ya same mu: ni a durƙushe gaban tukunya, ga masara guda a gefe, ga zanen masu sujada a buɗe a kan tebur. Ya daɗe yana kallon zanen.

Ya ce, "A gidana ake zana shirka? Goge shi."

"Abba, saura kwana tara in miƙa!"

"Ko saura ɗaya ne."

Ta juyo ta kalle ni. Da na yi shiru, da an goge, asirin gidanmu ya zauna inda yake. Na karkaɗe tokar hannuna, na ce ya zauna. Na ce mutanen nata na ƙarya ne, ba wanda zai tashi da su ranar ƙiyama. Amma tokar ba daga Meziko ta samo ta ba, daga wurin kakata ce, ni na ba ta. Na gaya masa duka, har zangarniyar.

Ya ce, "Hajiya, me ya hana ki faɗa mini tun tuni?"

Na ce, "Ba ka taɓa tambayata yadda ake riƙe wuta ba."

Aka kira magariba a wayarsa. Ya yi alwala ya ja mu salla. Da ya sallame ya ce da 'yarsa, "Ki miƙa. Amma ki cire sujadar."

Ta cire. Ta cire babbar wutar ma. A wurinsu ta sa tsohuwa guda, durƙushe gaban tulin toka tana hurawa, jama'a na tsaye a bayanta da kasake. In ka kalle ta ta baya, ba za ka rantse cewa ba sujada take ba. Na lura. Ina jin shi ma ya lura.

Jikata ta gama, yanzu tana aiki a wani ofis kusa da unguwar Bukit Bintang, tana zana wa mutane duwatsu da dodanni. Ubanta yana nan yana koyarwa. Bai sake tayar da maganar ba, sai sau ɗaya da ya tambaye ni sunan ƙauyen kakata, ya rubuta a takarda. Ni kuwa na dawo gida, na tarar an sa mini gas. Kakata tana kwance a bayan wata gona da ba tamu ba yanzu. Ina yi wa iyayena addu'a kullum, in na zo kanta sai in ɗan yi shiru, in wuce.