Wayar da Ta Ƙone a Hanyar Offinso

A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, bayan layin masu sayar da tsofaffin injuna, akwai wata rumfar kwano da ba ta da allon suna. Duk direban tsohuwar fikof da motarsa ke ƙin tashi da safe ya san ta. Nan Brimah ke zama da teburinsa na ƙarfe, da almakashin yankan waya, da 'yar wuƙa a aljihun gaba.

A Zango aka haife shi, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Mahaifinsa daga Bawku ya zo, ya ƙare rayuwarsa yana gadin siton goro. Mutum ne da zai kulle ƙofa da hannunsa, ya yi taku kaɗan, ya dawo ya girgiza kwaɗon. Brimah ya ɗauko wannan hali kaf. In ya sayi sukari sai ya ɗaga ledar a hannu ya ji nauyinta. In aka yi masa fara'a da yawa sai ya fara tunanin me ake nema a wurinsa. Matarsa Samiratu, mai sayar da atamfa a kasuwa, ta daɗe da daina yi masa faɗa a kan haka.

Wayarin ɗin mota, wato aikin wayoyin wutarta, ya koya a hannun wani Masta Oppong, kuma tun yana can ya lura da abu ɗaya. Tsofaffin fikof masu jigilar tumatir da doya da gawayi, yawancinsu ba batir ne matsalarsu ba, ba kuma sitata ba. Wayar da ke tsakaninsu ce ta tsufa. In ka fere robar sai ka ga cikinta ya yi kore, wutar ba ta isa. Shi ya sa direbobi ke neman gangara su ajiye mota da yamma, don da safe a tura.

Da ya gama koyo ya sami 'yancinsa sai ya bar sauran aikin, ya kama wannan kaɗai. Yana yanka waya mai kaurin babban yatsa, irin ta masu walda. Ja daga batir zuwa sitata, baƙa daga batir zuwa jikin mota da inji. Kawunan kuma da kansa yake buga su daga bututun jan ƙarfe, ya cika su da dalma. Motar da aka saba turawa sai ta tashi da murɗa makulli ɗaya. Direbobi suka riƙa faɗa wa juna a tashar Techiman da ta Ejura, aiki ya zauna.

Mutum ɗaya ne Brimah ba ya bincikar kayansa: Kassim. Tare suka yi makarantar Arabiyya a Zango, tare suka sha bulala. Kassim ya shiga fatauci, ya koma Kwadaso da iyalinsa, kuma shi ke ɗauko masa naɗin waya daga Tema. In ya sauke, Brimah sai dai ya mirgina naɗin ƙarƙashin tebur su zauna shan shayi.

Wata Talata da hantsi, a tsakiyar kakar tumatir, wata mata ta shigo rumfar ba sallama. Maame Serwaa ce, mai fikof biyu da ke ɗauko tumatir daga Akumadan. Ta girma kusa da Zango, tana jin Hausa irin tata. Ta jefa wani abu baƙi a kan tebur.

"Masta Brimah, duba aikinka. Mota na ya kama wuta a hanyar Offinso. Direba na ya ƙone a hannu. Tumatir duka ya lalace a rana."

Brimah ya ɗauki abin. Guntun waya ne, robar ta narke ta manne. Ya juya shi, ya dubi kan. Bugunsa ne, ko kuma bugun wanda ya iya kwaikwayonsa.

"Maame, wa ya taɓa motar bayan ni?"

"Ba kowa."

"Direban naki bai kai ta wani wuri ba?"

"Ka tambaye shi a asibiti," ta ce, ta fita.

Ya zaro wuƙa ya kankare siririn zare ɗaya. Jan ya tafi, fari ya bayyana. Ya kunna ashana ya kara: zaren ya lanƙwashe ya zube kamar gashi. Alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Irin wannan waya in sitata ta ja wuta sai ta yi zafi, wata rana kuma ta kama.

Brimah ya fara da zargin direban: wataƙila ya cire ta kirki ya sayar, ya sa ta banza. Daga nan ya koma kan Sheriff, mai wayarin ɗin da ke rumfar gaba, wanda ya sha tsayawa yana kallon yadda yake buga kawuna. Ranar nan duk sanda Sheriff ya ɗaga kai sai ya ga idon Brimah a kansa. Har la'asar bai taɓa naɗin da ke ƙarƙashin teburinsa ba. Ya dube shi ya kau da kai, ya sake dubansa. Ya tuna cewa kwanan nan dalma ba ta kama wayar da kyau, shi kuma ya ɗora laifin a kan mai sayar da dalma, har ya yi masa magana mai zafi.

Da ya tashi rufe rumfa sai ya janyo naɗin, ya yanki ɗan guntu ya kankare. Fari ne.

A gida bai ci tuwo ba. Samiratu ta zauna kusa da shi a bakin ƙofar ɗaki, ya faɗa mata.

"To ka kira shi mana, Baban Rafia. Ka ce masa ga abin da ka gani."

"In na kira shi zai shirya amsa."

"Kassim fa muke magana. Wanda ya ɗauki gawar Baba tare da kai."

"Shi ɗin. Wa ya san ba na duba kayansa in ba shi ba?"

Daga ranar ya fara tattara abubuwa a ransa. Kassim ya yi wa gidansa sabon fenti bana. Kassim da ya kawo naɗin nan bai zauna shan shayi ba, ya ce yana sauri. Kassim ya yi dariya da yawa a bikin sunan ɗan Idirisu mai nama. Kowanne Brimah ya juya shi sai ya ga ya dace da abin da yake tsoro. Kassim ya kira shi a waya, ya ƙi ɗauka. Ya sake kira, ya ɗauka ya ce yana cikin aiki.

Sai ya tuna wani abu. Ranar da aka kawo naɗin, Kassim ya yanki tsawon hannu biyu ya ce zai sa wa tasa tsohuwar fikof ɗin, wadda yake kai yara makaranta da ita. In ya san wayar ta banza ce, ba zai sa ba. In an buɗe motar aka ga tsohuwar waya, magana ta ƙare.

Kassim bai bar sallar Juma'a a Zango ba ko da ya koma Kwadaso. Ranar Juma'a Brimah ya tsaya a sahun baya, liman na sallamewa ya ɗauki takalmansa ya fita. Motar na gefen kwata, kusa da masu sayar da lemo. Ya san yadda ake buɗe bonet ɗinta ta waje. Ya ɗaga, ya leƙa. Jar waya sabuwa, daga batir zuwa sitata. Ya zaro wuƙa ya fere robar kaɗan, ya kankare. Fari.

"Me kake nema a motata?"

Kassim ne a bayansa, da dardumar salla a kafaɗa. Brimah bai ɓoye wuƙar ba. Ya nuna masa wurin da ya kankare, ya faɗa masa zancen Maame Serwaa da direbanta. Kassim ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago fuskarsa ta sauya.

"Da wannan nake ɗaukar Faridatu da ƙannenta kullum?"

"Da ita."

"Kai kuma ka sani tun Talata, ka bar ni ina yawo da su, don ka gwada ni?"

Brimah ya mayar da wuƙar aljihu. Mutane sun fara fitowa daga masallaci, wasu na rage tafiya. Kassim ya rufe bonet ɗin a hankali.

"Gobe da safe ka zo da waya ta kirki ka canja min. Daga nan mu bi motocin da ka sa wa. Ni zan tuƙa."

Haka aka yi. Brimah ya samo tsohuwar wayar walda wurin masu gwangwan, ya kankare kowane guntu a gabansu. Suka bi tasha tasha suna tambaya. Wata motar a Ejura suka same ta cike da doya, wata a Techiman, wata a bakin wani kogi ana wanke ta. Brimah na shiga ƙarƙashi, Kassim na riƙe masa sifana. Wasu direbobin suka yi godiya, wasu suka zage su, ɗaya ya ce ba wanda zai taɓa masa mota sai da aka kunna masa ashana ya gani da idonsa. Sun je asibiti sun duba direban Maame Serwaa, suka tarar hannun na warkewa.

A hanya ba sa magana sosai. Brimah na zaune a gefe yana satar kallon Kassim. Wani lokaci ya ga mutumin da aka cuta kamar yadda aka cuce shi. Wani lokaci kuma wata murya ta ce masa: mai wayo ai zai iya sa wa motarsa, don ranar da za a duba. Ya faɗa wa Samiratu wannan, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Da 'ya'yansa a ciki? Baban Rafia, ka ji tsoron Allah. Wannan ba hankali ba ne kuma, ciwo ne."

Kassim ya ce ya kira mutumin Tema da ya sayar masa, layin ba ya shiga, an kuma ce masa shagon a rufe yake. Brimah ya ce to. Bayan kwana biyu ya hau mota shi kaɗai ya tafi Tema, bai faɗa wa kowa ba sai matarsa. Ya nemi unguwar, ya sami shagon. A rufe yake, ƙura ta taru a bakin ƙofar. Wata mai sayar da ruwa a gefe ta ce mutane da yawa sun zo nemansa, har daga Takoradi. Ya tambaye ta ko ta san wani Kassim daga Kumasi, ko shi da mai shagon abokai ne. Ta ce masu zuwa da yawa ne, ba ta riƙe fuska.

Da ya dawo Samiratu ta tare shi tun a tsakar gida.

"Yanzu ka yarda?"

"Shagon a rufe yake," ya ce. Ya wuce ɗaki.

Kassim bai sake kawo waya ba. Ya koma fataucin tayoyi, bai kuma sake zama a rumfar shan shayi ba. In sun haɗu a masallaci suna gaisawa, su tambayi iyali, kowa ya nemi takalminsa. Aikin Brimah ya yi sanyi na wani lokaci, sannan ya dawo, domin labarin bin motocin ya fi labarin gobarar yaɗuwa. Maame Serwaa dai ba ta dawo ba. Sheriff ke yi mata aiki yanzu.

Da Babbar Salla ta zo, Samiratu ta ware cinyar rago ta ce a kai gidan Kassim, kamar kowace shekara. Ta ɗauka 'yarsu Rafia za ta aika, sai Brimah ya ce shi zai kai. Ya hau motar haya, wadda suke kira torotoro, zuwa Kwadaso da ledar a kan cinya. Kassim ya shigar da shi falo, aka kawo ruwa da soyayyen nama. Suka yi hirar tsadar raguna da ruwan saman bana. Ba wanda ya ambaci waya. Da zai tafi Kassim ya raka shi har bakin titi, ya tsaya tare da shi har mota ta zo.

A gida Samiratu ta tambaye shi yadda ya same su.

"Lafiya lau. Faridatu ta girma." Ya cire hula ya ajiye. "Amma Kassim ya rame."

"Ciwon suga ne. Matarsa ta faɗa min tun azumi."

Brimah ya juyo ya dube ta.

"Haka ta ce miki?"