Askin da Babana Yake Yi Ranar Asabar

Babana ya yi shekara da shekaru yana aikin gwamnati a wani ofis a Tarauni, cikin Kano. Teburinsa na fuskantar na wani mutumin garinmu, ɗan Filato kamarmu, wanda muke zuwa coci ɗaya da shi. Kawu muke ce masa. Shi ne ya rubuta takardar ƙara cewa Baba yana ɓoye fayil ɗin mutane sai an ba shi cin hanci. Aka dakatar da Baba. Kafin a gama bincike a wanke shi, an ba Kawu muƙamin da Baba yake jira. Ina sakandare lokacin. Mama ta canja mana benci a coci don kada mu haɗa ido da iyalinsa.

Bayan dukansu sun yi ritaya, ina koyarwa, ina zaune da iyayena a Gyaɗi-Gyaɗi, sai muka ji ɓarin jikin Kawu ya shanye. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, wata ƙanwarsa ce ke jinyarsa. Baba ya je dubiya ya dawo. Ranar Asabar na tarar da shi yana sa reza da sabulu da tawul a leda.

Na ce, "Baba, ina zuwa?"

Ya ce, "Gemun Kawunki ya taru. Mutum ne mai son tsabta."

"Ko haƙuri bai taɓa ba ka ba."

"Yanzu ko yana so, bakin ba ya buɗuwa. In jira shi har yaushe?"

Kowace Asabar sai ya tari Keke Napep ya tafi. Mama ba ta hana shi ba, ba ta kuma taɓa tambayarsa ya mai jiki ba.

Wata rana gwiwar Baba ta matsa masa, na raka shi ba da son raina ba. Muka sami Kawu a kujerar roba, ya rame, yawu na zuba ta gefen bakinsa. Baba ya ɗaura masa tawul, ya miƙa mini kwanon ruwa. Yana cikin aski Kawu ya kama hannun rigarsa, yana ƙoƙarin magana, hawaye na gangarowa cikin kumfa.

Baba ya ce, "Tsaya cak, kada in yanke ka. Na ji."

A hanyar gida na tambaye shi ko da gaske ya manta.

Ya ce, "Ban manta ba. Wani lokaci ina riƙe da haɓarsa sai abin ya dawo mini sabo, in yi ta addu'a a zuci har in gama. Yesu bai ce sai zuciyata ta huce zan ƙaunace shi ba."

Na daɗe ina ɗauka masu yafiya ba su ji zafi kamar yadda na ji ba. Ranar na gane Baba ya fi ni jin ciwon.

Kusan shekara biyu ya yi yana zuwa kafin Kawu ya rasu. Ni dai ban san ranar da na yafe masa ba, ko ma na gama yafewa. Na san kawai cewa da gwiwar Baba ta hana shi fita a watannin ƙarshe, ni na koyi riƙe reza, nake zuwa a madadinsa.